Ta Gida, ta Aljanu ko ta Masarauta: Wace Soyayya Ta Cancanci Kuɗinki?

Ƙanwata tana wankan gida a Daura, haihuwar fari. Duk wadda ta taɓa jego ta san kwanakin nan arba'in: wankan ganye safe da yamma, kunun kanwa, gasasshen nama da yaji, sai kuma dogon zaman da ba abin yi in jariri ya yi barci. Da na je duba ta daga Katsina bayan suna, sai da ta bari Inna ta fita tsakar gida sannan ta miƙo mini waya.

"Yaya, ₦1,500 ta rage mini a asusu. Marubuta uku sun rufe shafukan kyauta, kowacce ta ce sai an biya ₦1,000. Wannan 'yar aiki ce da ɗan masu gida, wannan yarinya ce da aljani ya aura, wannan kuma gimbiya ce da bawan ubanta. Wanne zan shiga?"

Na ba ta amsa a tsaitsaye, don direba yana ta danna ham a ƙofar gida. Tun kafin mu kai Mashi na ga amsar ba ta cika ba, ga shi kuma ba ita kaɗai ke wannan tambayar ba. Na fara karatun littattafan nan tun ana ba da su haya a shagon unguwa, muna cusa su cikin littafin lissafi don kada a gani. Na biya kuɗi na ji daɗi, na kuma biya na yi da-na-sani, to bari in baje abin da na gani.

Rabon nan gida uku, soyayyar gida (wato ta zamani) da ta aljanu da ta masarauta, ya fi ƙarfi a wajen masu buga littattafai na Amurka da Ingila, su ne ke ware wa kowanne kantarsa. Amma kayan ciki namu ne tun tuni. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, waɗanda suka fito daga gasar rubutu ta 1933, cike suke da aljanu da ƙasashen da ba su cikin taswira, kuma dukansu biyu Katsina ce ta rene su. So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda aka buga a 1980, soyayya ce ta 'yar Fulani, amma har aljana ta shigo ciki.

Ma'aunin da nake aunawa da shi

Littafin soyayya ƙarshensa sananne ne, masoya za su haɗu. Abin da kike biya wa kuɗi shi ne abin da ya tare musu hanya. A soyayyar zamani mutane ne ke tarewa: iyaye, kishiya, talauci, girman kai. A ta aljanu jinsi ne, ɗaya ɗan Adam ɗaya mutumin ɓoye. A ta masarauta kuwa gadon sarauta ne da yaƙi da tsafi. Ki fara tambayar kanki wane irin shinge ne zuciyarki za ta iya ɗauka a halin da kike ciki yanzu.

Bayan wannan sai abubuwa huɗu. Kuɗi, wato farashin littafi haɗe da data da cajin waya. Ƙarko: za a gama rubuta shi kuwa, kuma in an gama za ki so ki sake karantawa? Sauƙin shiga: za ki iya bin zaren labarin da jariri a hannu ɗaya, ana katse ki kowane minti goma? Sai haɗari, wanda shi ne abin da littafi ke bari a kanki bayan kin ajiye waya.

Soyayyar zamani

Ita ce ta cika kasuwa, shi ya sa ta fi araha. Akwai kammalallu masu yawa kyauta a manhajar karatu ta Wattpad, tsofaffin bugu ma har yanzu ana tsintarsu a wajen masu sayar da littattafai. A guruf-guruf ɗin da nake ciki, sabon littafi yana kamawa daga ₦500 zuwa ₦1,000, marubuciyar da ta yi suna kuma takan raba masu karatu gida biyu, waɗanda suka ƙara kuɗi su riga kowa samun shafi. Inda ake cin kuɗin mutum shi ne tsawo. Daidai inda amarya ta tsinci wata takarda a aljihun ango sai ki ga an rubuta "mu haɗu a littafi na biyu", da sabuwar lambar asusu a ƙasa.

Sauƙi kam ba wadda ta kai ta. Kin san lefe, kin san kayan ɗaki, kin san abin da ake nufi in uwar miji ta amsa gaisuwa da "lafiya" guda ɗaya ta juyar da kai. Ba sai an yi miki bayani ba. Ki ajiye ki yi wanka ki dawo, zaren yana nan inda kika bar shi.

Ƙarkonta ya rabu biyu. Akwai waɗanda aka gina kan sunan mota da na waya da unguwannin Abuja da hutun Dubai. Irin waɗannan shekara uku ta ishe su tsufa, ki dawo ki tarar jarumi yana taƙama da wayar da yanzu ko mai shayi ya wuce ta. Akwai kuma waɗanda aka gina kan abin da ba ya sauyawa a gidan Bahaushe. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu ya fito a 1990, labarin matar da miji ya kora da 'ya'ya tara ta kama sayar da abinci, kuma sai a 2012 wani kamfani a Indiya ya buga fassararsa ta Turanci. Shekara 22 bai gaji ba. In kina son ki gane wane iri ne a hannunki, duba shafuka biyar na farko: marubuciya ta ɓata lokacinta wajen siffanta kujerun falo, ko wajen nuna miki yadda uwargida ke ƙirga yankan nama ranar girkin amarya?

Haɗari ne inda na saba da yawancin mutane. Iyayenmu sun fi tsoron littafin aljanu, ni kuwa wannan na fi tsoro, don shi ne ya yi kama da gaskiya. Ɗauki jarumin nan da ake yayi, miskili ɗan masu kuɗi, wanda ba ya amsa gaisuwa, ya zazzage yarinya a gaban abokansa, wani lokaci har da mari, sannan a shafi na 60 ya kamu da ciwon so ya kwanta asibiti. Yarinya 'yar shekara 16 ta karanta irinsa goma, sai ta ɗauka wulaƙanci ne ƙofar soyayya, wanda ya zo mata da mutunci kuma ta ce ba shi da aji. Matar aure ma ba ta tsira ba. Ni da kaina na taɓa gama wani littafi na yi kwana biyu ina kumbure-kumbure a gida, maigidan bawan Allah ya shigo da ledar lemo da kifi yana tambayar ko ba ni da lafiya, bai san laifin wani Alhaji na cikin waya ake sauke masa ba. Ga mai jego abin ya fi muni. Jiki ya sauya, miji yana wani gari, sai kuma ta faɗa kan labarin wanda ya ɗaura aure a ɓoye matarsa tana wankan gida, kuma labaran nan suna da yawa. Daga nan kowane kiran da bai ɗauka ba ya zama hujja.

Batsa ma a nan ta fi yawa. In kin ga an rubuta "na matan aure ne" a saman shafi, ki san abin da ke ciki, ki kuma tuna yara suna ɗaukar wayarki su yi wasa.

Soyayyar aljanu

Turawa nasu masu shan jinin mutum ne da masu rikiɗa su koma kerkeci, mai karatu kuma ta san babu su, tsoron nata na wasa ne. Mu ba haka ba ne. Aljanu halittar Allah ne, sura ta 72 a Alƙur'ani sunansu take ɗauke da shi, kuma ba unguwar da ba a taɓa yi wa wata ruƙiyya ba. Wadda ta buɗe irin wannan littafi bayan isha'i, an ɗauke wuta, tagar ɗakinta tana kallon tsamiya, ba wasa take yi ba.

Farashinsa ɗaya ne da na zamani, kuma sau da yawa ya fi gajarta, don tsoro ba ya jure ja. Sai dai mutane da yawa sun fi son su saurare shi a YouTube, inda mai karantawa ke sauya murya in aljani zai yi magana. A nan data ke tafiya. Awa biyar ta saurare ta fi kuɗin littafin kansa, rubutu a WhatsApp kuwa kusan ba ya cin komai.

Wajen kama mai karatu ba na biyunsa. Ƙamshin turaren da ba a san daga ina yake ba, sarƙar zinari ƙarƙashin matashi, samari uku da suka kawo kuɗin gaisuwa kowanne ya gudu ba dalili. Shafi uku kin shiga, tuwo ya ƙone.

Matsalar tana ƙarshe. Marubuciya ta sa kin so aljanin nan shafi 70, ya fi duk mazan littafin kirki da kunya, to yanzu yaya za ta yi da shi? In ta aurar masa da yarinya, masu karatu su taso mata da maganar addini, don malamai da yawa ba su yarda da irin wannan aure ba. Ana ruwaito cewa Imamu Malik ya ƙi shi ne don gudun kada mace ta zo da ciki, a ce na wa ne, ta ce na mijinta aljani. In kuma ta kira malami ya ƙone shi da ruƙiyya, ta jawo wani ɗan baffa da ba a taɓa jin sunansa ba ta ɗaura aure, sai ki ji kamar an yi miki sata. Mafi yawa ta wannan ƙofa ta biyu suke fita, shi ya sa da wuya in sake karanta littafin aljanu. Sirrin ya tonu, ƙarshen kuma bai biya ba. 'Yan kaɗan da suka tsira su ne waɗanda tun farko suka kafa doka: ga abin da aljanin zai iya, ga abin da ba zai iya ba, ga kuma abin da yarinya za ta rasa duk lokacin da ta karɓi kyautarsa. In kin ga aljani yana iya komai a shafi na 10, a shafi na 40 kuma ya kasa buɗe ƙofar katako don kawai labari ya yi tsawo, riƙe kuɗinki.

Haɗarinsa na kusa shi ne barci da waswasi, ki kasa fita kewaye da dare. Wannan yakan wuce da azkar da kwana biyu. Wanda ba ya wucewa da sauƙi shi ne sabo da jingina kowace cuta ga iska. Farfaɗiya ciwo ce da ake sha wa magani a asibiti. Damuwar da ke kama wasu mata bayan haihuwa, kuka ba dalili, rashin barci, jin ba a son jariri, ita ma likita take buƙata tare da addu'a. Mai jegon da ta cika kanta da labarin namijin dare tana iya ɓoye abin da take ji, ko a yi ta yi mata hayaƙi wata uku. Dama can tsofaffi ba sa barin mai jego ita kaɗai da magariba, ba ta buƙatar ƙari.

Soyayyar masarauta

Wanda ya tashi a Daura bai kamata a koya masa wannan ba. Baƙo ya taso daga Bagadaza, ya sauka gidan tsohuwa da dare, ya nemi ruwa aka ce sai Juma'a, ya je Kusugu ya sare kan maciji, sarauniya Daurama ta aure shi. Har da baiwar da aka ba shi, da 'ya'ya biyu, Karɓagari da Bawo, waɗanda sunayensu kaɗai sun isa su gaya miki irin kishin da aka yi a gidan. Duk gimbiya da bawa da za ki karanta a waya jikokin wannan labari ne.

Ita ce mafi tsada, ba don farashin shiga ba, don tsawo. Littafi na ɗaya zuwa na uku ko na huɗu abu ne da aka saba, kowanne da kuɗinsa. Kuma ita ce mafi wuyar shiga: masarautu uku, kowacce da sarki da mata huɗu da ƙwaraƙwarai da waziri maci amana, ga boka a kogon dutse. Shafuka 15 na farko aiki ne, har na taɓa ɗaukar biro ina rubuta wa ya haifi wa.

In kin haye wannan tudu, kuma in an gama littafin, ita ce ta fi ƙarko. Ba waya ba mota, ba abin da zai tsufa. Na sake karanta wasu sau uku, na kuma tace su na ba yara a matsayin tatsuniya. Amma "in an gama" ɗin nan babba ne. Gina duniya daga tushe yana gajiyar da marubuci, kuma a nan na fi ganin littafi ya tsaya cak: an yi wa marubuciya aure, ko jarrabawa ta zo, ko an sace waya da duk abin da ta rubuta. Akwai yariman da na bari a kurkuku shekara huɗu ke nan, har yau ba a fito da shi ba.

Ga zaman aure ita ce mai ƙarancin haɗari, don ba wadda za ta yi fushi da miji saboda bai kashe dodo ba. Abin lura shi ne tsafi da zubar da jini, wasu suna wuce gona da iri. Mu 'yan Katsina da Daura kuma muna da tamu matsalar. Wadda ta saba ganin hawan Sallah a Ƙofar Soro ko Sallar Gani a Daura, ta san Ƙaura ta san Durɓi, ba za ta iya haɗiye littafin da dogari ke daka wa Galadima tsawa ba, ko gimbiyar da aka kwaso ɗungurungum daga fim ɗin Indiya aka sa mata sunan Hausa.

| Ma'auni | Ta zamani | Ta aljanu | Ta masarauta |
|---|---|---|---|
| Kuɗi | Mafi araha, akwai na kyauta da yawa | Matsakaici, saurare na cin data | Mafi tsada saboda kashi-kashi |
| Sauƙin shiga | Nan take | Nan take, da wuyar ajiyewa | Sai an yi haƙuri da farko |
| Yiwuwar a gama shi | Babba | Babba, amma ƙarshen kan yi rauni | Ita aka fi bari a hanya |
| Sake karantawa | Ya danganta da littafin | Da wuya | Sau da yawa |
| Haɗari | Auna miji da na littafi, zargi, batsa | Tsoro, waswasi, jingina cuta ga iska | Tsafi, jini, ɓata lokaci |

Kowanne kika zaɓa, kafin ki tura kuɗi da shaidar biya ki yi wa marubuciya tambaya uku: an gama rubutawa? Kashi nawa ne? Kuɗin nan na duka ne ko na farko kaɗai? Ki kuma nemi a ba ki shi a dunƙule ki adana a wayarki in ana bayarwa, don littafin da ke cikin manhaja ba a hannunki yake ba. OkadaBooks, inda marubutanmu da dama suka sayar da littattafansu, an rufe shi a Nuwamban 2023. Masu tattara littattafan mutane suna sayarwa ₦100 kuwa, ki bar su da "Allah ya isa" ɗin da marubuciya ke rubutawa a saman kowane shafi, kada ki sa kanki ciki.

Wa ya kamata ta ɗauki wanne

In ma'aikaciya ce ke ko 'yar kasuwa, karatunki a cikin Keke Napep ne da bayan sallar isha'i, kuma gidanki lafiya lau, ɗauki ta zamani, ki zaɓi mai maganar gida ba mai jera motoci ba. In kina cikin rikici da maigida, ko an fara raɗe-raɗin zai ƙara aure, ki nisance ta har ƙura ta lafa. Amarya a shekarar farko ma haka.

Ta aljanu ta dace da mai taurin zuciya wadda ke son abin da za ta cinye a kwana biyu, da rana, a gidan da ke da mutane. Ba ta dace da mai kwana ita kaɗai ba, ko mai ciki, ko 'yar makarantar kwana, inda yarinya ɗaya in ta firgita ɗaki guda ke tashi.

Ta masarauta ta mai dogon hutu ce: ɗalibar da ta gama jarrabawa tana jiran sakamako, mai jinya, mai takaba in ta ga za ta iya. In za ki saya wa ƙanwa ko 'ya, ita ce na fi natsuwa da ita, bayan kin riga ta karantawa.

Mai jego kuwa, abin da na ce wa ƙanwata a ƙofar gida shi ne ta ɗauki gimbiya. Da na iso Katsina na kira ta na ƙara da cewa ta fara tambaya ko an gama. Ta tambaya, aka ce ana kan rubuta littafi na biyu, na uku sai bayan Sallah. Ta riƙe dubunta, ta sa data da ₦500. Ni kuma na buɗe akwatin ƙarƙashin gado na zaro tsofaffin littattafai shida, bangonsu duk ya sha salatif, na ba direban motar Daura. Bayan kwana uku ta kira ni tana ƙorafi wai ɗaya kawai ta samu ta karanta, Inna ta kwashe sauran ta kai ɗakinta, ta ce sai ta duba ko sun dace da mai jego.